Dakalin Dutse a Madafa: Inda Aiki Ke Gyaruwa da Inda Yake Ɓaci



 An nemi in yi magana a kan dakalin girki na dutse, wato wannan fallen dutse mai sheƙi da ake ɗorawa a madafa, a huda masa wurin kwamin wanke-wanke da na murhun gas. Wani zai ce abin bai kai a tara mutane a kansa ba. To, a tambayi wanda ya zuba kuɗinsa, bayan wata shida ya wayi gari ya ga tsaga ta taso daga kusurwar kwami ta nufi bango. Shi ya san abin ya kai.

Madafarmu ta asali a tsakar gida take, da murhu da itace ko gawayi, turmi na gefe, kuma har gobe a haka gidaje masu yawa na birnin Yamai suke girki. Abu biyu ne a ganina suka ja tukunya zuwa cikin ɗaki. Na farko gas ne. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, tukunyar gas ta yawaita a gari, kuma mai gas ba ya son iska da ƙura, ɗaki yake so da wurin ɗora murhu. Na biyu ido ne. A watan Yulin 2019 Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, aka sabunta filin jirgin Diori Hamani, aka buɗe otal-otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia. Mutane suka shiga suka ga dutse na ɗaukar ido, kowa ya koma gida da sha'awa. Yau duk mai ginin bulo a Koira Kano ko Bobiel ko Francophonie, da an zo maganar madafa sai ka ji ya ce dutse yake so. Sha'awar ta zo da sauri. Ƙwarewar hannu ce ba ta biyo ta da wannan saurin ba, kuma a kan wannan giɓin nake so mu tsaya.

Mu fara da inda dutsen yake fitowa, domin a nan tsadarsa take. Kusan duk gogaggen fallen da za ku gani a jingine a shagunan garin nan ya ƙetaro teku ne. Baƙin nan mai ɗigon zinariya da ake kira Black Galaxy daga yankin Ongole na jihar Andhra Pradesh a Indiya ake haƙo shi. Farar marmara mai jijiya toka-toka sunanta ya fito ne daga Carrara ta Italiya, ko da yake ba duk abin da aka kira da wannan suna ne ya taɓa ganin Italiya ba. Akwai na Masar, da na Turkiyya, da na Burazil, akwai kuma tulin da ake yankawa a goge a kudancin Sin a loda a tashar Xiamen. Mu kuwa ba mu da teku. A da kayanmu ta Kwatano suke sauka, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000, su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya, su biyo ta Doso. Bayan Yulin 2023 da aka rufe wannan iyaka, kaya da yawa suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera cikin ayarin manyan motoci. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, girgiza ta ƙaru. Dutse kuwa duk taurinsa ba ya son girgiza idan an yanka shi falle-falle. Wani fallen tun a hanya ya sami rauni, sai dai raunin bai bayyana ba tukuna.

Abin takaici, a kan dutse muke zaune. Daga gaɓar kogin nan zuwa yamma, ƙasar Liptako, wajen Tera da Goteye, giranit ne a shimfiɗe wanda masana ƙasa suka ce ya haura shekara biliyan 2. Duk wanda ya je Damagaram ya ga manyan duwatsun da unguwar Birni ta zauna a tsakaninsu. A tsaunukan Ayar akwai marmara, har da mai shuɗi-shuɗi ta wajen Kogo da baƙi ke zuwa kallo. Amma galibin abin da muke yi da namu shi ne mu farfasa shi tsakuwa don kankare da hanya. Yanka shi falle da goge shi yana son manyan injuna da wuta wadda ba ta yankewa da ruwa mai yawa, kuma wannan magana ce ta wata rana da wasu mutane. Abin da ya shafe mu yau shi ne, tunda da tsada muke sayo shi daga nesa, bai kamata a ɓata shi a mita goman ƙarshe ba, tsakanin ƙofar gida da madafa.

Kuskuren farko tun a shago ake yinsa. A bakin mutane duk dutse mai sheƙi marmara ne, alhali iri biyu ne manya, marmara da giranit, kuma halinsu ya sha bamban. Marmarar da nake nufi a nan ba jar marmarar da ake zubawa a hanya ba ce, farar nan ce mai laushi, ƴar'uwar farar ƙasar da ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Sinadarinsu ɗaya ne, kuma wannan sinadari tsami ne ajalinsa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, marmara tana wajen hawa na 3, wuƙar yankan albasa ma tana iya kartarta. Giranit yana tsakanin 6 da 7, wuƙar ce za ta dakushe a kansa.

Yanzu iyayenmu mata su taya ni lissafi. Me ake taɓawa a madafar Bahaushe ko Bazabarme daga safe zuwa dare? Tsamiya ta kunu. Lemun tsami na wanke kifin kogi. Zoɓo, da yakuwa, da tumatir, da nono. Duka tsami ne. Kowane ɗigo da ya zauna a kan marmara na ɗan lokaci zai cinye sheƙin wurin ya bar tabo fari dusu-dusu, kuma ba datti ba ne da sabulu zai fitar, fuskar dutsen ce ta ci. Ga manja da man gyaɗa da kurkum, waɗanda ke shiga ƙofofin dutse su zauna. Don haka ra'ayina a fili yake: marmara ta yi kyau a falo, ta yi kyau a matakala ko bango, amma ba ta dace da dakalin da ake girkin yau da kullum a kansa a ƙasar nan ba. Mai son dutse a madafa ya nemi giranit, kuma mai duhu ya fi mai haske haƙuri. Na san akwai mai gidan da zai ce shi fari yake so, don a hoton wani gida na Dubai ya gani. Kuɗinsa ne, amma wajibin mai aiki ne ya gaya masa gaskiya kafin a yanka, a gaban uwargida.

Ba sai an dogara da bakin mai shago ba, ana iya gwadawa. Ka roƙi ɗan guntun dutsen da kake so, kowane shago yana da tarin guntaye a bayansa. Ka ɗiga masa ruwa a gefe ɗaya, mai a tsakiya, ruwan lemun tsami a ɗaya gefen, ka bar shi kwata ɗaya na awa, ka goge. Inda ruwa ya bar duhu, dutsen mai shan ruwa ne, sai an shafa masa maganin toshe ƙofofi. Inda lemo ya kashe sheƙi, ka san da marmara ko danginta kake magana, ko da wane suna aka sayar maka. In baƙi ne, ka jiƙa farin ƙyalle da ruwan da mata ke goge jan farce, ka murza. Idan ƙyallen ya yi baƙi, rini aka yi wa dutsen don ya ƙara duhu, kuma rinin zai kwaye a hankali ya bar shi dabbare-dabbare. Sannan shi kansa fallen da za a yanka maka, ka sa a fito da shi rana, ka duba bayansa, ka bi fuskarsa da farce. Jijiyar da Allah ya halitta a dutse farce ba ya maƙalewa a cikinta, tsaga kuwa yana maƙalewa. Ka ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe wuri-wuri. Lafiyayyen dutse amonsa garau yake, mai ɓoyayyen rauni sai ka ji amon ya mutu. Idan ka gamsu, ka rubuta sunanka a bayan fallen, don kada a nuna maka wani a kawo maka wani.

Ranku ya daɗe magina, yanzu na zo kanku. A cikin dakalan da suka tsage waɗanda na gani, kaɗan ne laifin yake ga dutsen. Yawanci abin da ke ƙarƙashinsa ne. Dutse yana jure nauyi idan an danna shi, amma ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Katako zai ba da kai, ƙarfe zai ba da kai, shi sai dai ya karye. Kuma nauyi gare shi: falle mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 kuwa kilo 81. Dakali mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 60, in mai kauri ne, ya kusa nauyin buhun siminti uku, ba a sa tukunya ba, ba a cika kwami da ruwa ba, yaro bai hau don ɗauko wani abu a sama ba. In ƙafa ɗaya ta gindin ta fi sauran tsawo da ƴan milimita, to a kan wannan ƙafar kaɗai dutsen yake, sauran duka a iska yake rataye, yana jiran ranarsa.

Mu nan galibi gindin gini muke yi, ƙafafun bulo da siririn kankare a sama, kuma a yanayinmu wannan shi ne mafi alheri. Sharaɗinsa dai a ba shi lokaci. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ko da hunturu da iska ke busar da komai, kankaren da ba a jiƙa ba samansa ne kawai ke bushewa, cikinsa bai nuna ba. A ɗora dutse a kansa da ɗanyensa, yana ƙanƙancewa yana jan dutsen, danshinsa kuma yana hawowa ya ɓata launin mai haske. Kafin a ɗora komai, a kwantar da doguwar miƙaƙƙiyar sanda a kan gindin tare da ma'aunin ruwa, wanda kuke kira nibo, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa. Bambancin da aka yarda da shi a wannan sana'a bai wuce milimita 3 a tsawon mita 3 ba. In ya wuce haka, gindin za a gyara, ba tara turmin siminti a gefe ɗaya ba.

Masu son durowar katako irin ta zamani kuma su sani cewa da yawa daga cikin masu zuwa a kwali garin katako ne aka matse da gam. Ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya saki, ga kuma gara. Waɗanda ke zaune a Harobanda, wajen Lamorde da Kirkisoye, sun san abin da ambaliyar 2020 ta yi wa duk wani abu da ke zaune a ƙasa. In dole sai katako, to a yi ƙashin da ƙarfe ko katako na gaske, a ɗaga shi daga ƙasa a kan ɗan dakalin siminti, a ɗaure shi da bango. Wurin tukunyar gas kuma a bar masa mashigar iska ta ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Inda dutse zai zarce gindinsa don a zauna a ci abinci, mai santimita 2 kada ya wuce santimita 15 ba tare da madogari ba, mai santimita 3 kada ya wuce 25.

Awo kuma ba a yinsa ta waya. Sau nawa mai gida ke kiran mai dutse ya ce masa mita uku ne da sittin, a yanko? Ba a auna dutse sai an gama shafen bango, an gama gindi, kwamin da murhun da kan famfon duka suna nan a ɗakin ana ganinsu, ba a kasuwar Katako ko Wadata ba. Bangonmu da wuya ka sami kusurwar da ta tsaya daidai. Gwajinta mai sauƙi ne: ka auna santimita 60 a bango ɗaya daga kusurwa, 80 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu ya kamata ya zama 100 cif. In ya ba ka 98 ko 103, to dutsen da aka yanka a kan kusurwar littafi ba zai zauna ba. Maganin shi ne a yi samfuri da kwali mai ƙarfi ko siririn falange, a bi bangon yadda yake da duk karkatarsa, a zana wurin kwami da famfo a kai, a kai wa mai yanka wannan samfurin. Kuma ina roƙo, ranar awo a kira wadda za ta tsaya a wurin. Tsayin da aka saba tsakanin santimita 85 ne da 90, amma wadda ke tuƙa tuwon gida mai mutum goma sha biyar a babbar tukunya tana bukatar wurin murhu ya yi ƙasa da haka, in ba haka ba kafaɗarta ce za ta biya. Na shiga gidaje da dama da aka kashe dukiya a madafa, uwargida kuwa tana tsakar gida da murhun gawayinta, don ba wanda ya tambaye ta.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne ramin kwami. Ku dubi abin da ke faruwa. An ɗauki falle mai faɗin santimita 60, an cire masa ciki, an bar siraran hannuwa biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Yaro ya ɗauki injin yanka na hannu ya bi layi, da ya kai kusurwa, saboda faifan injin zagaye ne, sai ya ɗan zarce don yankan ya haɗu. Wannan ƴar zarcewar, wadda ba ta fi faɗin farce ba kuma bakin kwami zai rufe ta, ita ce uwar tsagar da za a gani baɗi. Yadda ya dace shi ne a fara huda kusurwoyin huɗu da mahudi mai bakin daimon, su fito a zagaye, sannan a haɗa ramukan da yanka, a goge cikin ya yi sumul. Kusurwa mai zagaye tana raba nauyi, mai kaifi tara shi take wuri ɗaya. Hannuwan nan biyu kada su gaza santimita 8 zuwa 10, kuma a tabbata akwai abin da suka kwanta a kai. Wasu suna tsaga ƙasan hannun su binne ƙarfen rodi don ƙarfafa shi. Niyyar mai kyau ce, amma wuri ne na ruwa kullum, rodi zai yi tsatsa ya kumbura ya fasa dutsen daga ciki. In za a yi, a sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Ramin famfo shi ma mahudi ake sa masa, yawanci mai milimita 35, ba guduma da kurfi ba.

Wajen ɗauka, a tsaye ake ɗaukar falle, a kan gefensa, a mota da a hannu. Wanda aka kwantar a bayan a-kori-kura aka bi da shi hanyar unguwa mai ramuka, ko mutum biyu suka riƙe shi a kwance kai da kai, tsakiyarsa ce ke ɗaukar wahalar, ballantana in an riga an huda shi. Da an shigo, a fara gwada shi a bushe, a ga ya zauna, sannan a kwaɓa abin liƙawa. A shimfiɗa shi ko'ina ya cika. Wannan al'adar ta ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, a danna dutse a kai, ita ce ke barin kogo a ƙasa. Dutse mai haske a sa masa farin siminti ko gam ɗin da aka yi don dutse, saboda baƙin siminti da yashi mai datti suna iya fito masa ta sama. Da rani a yi aikin da sassafe, a kwaɓa kaɗan-kaɗan, don gam ɗin da takardarsa ta ce yana ba ka minti ashirin, a Turai aka rubuta takardar, a zafinmu kafin ka gyara zaman dutsen ya riga ya kama.

Mahaɗa, wato inda falle biyu suka haɗu, a nisanta ta da ramin kwami, a sa ta inda akwai ƙafa a ƙasa. Faɗinta kada ya wuce milimita ɗaya da rabi, a cika ta da gam mai launin dutsen, kuma bakin biyu su yi daidai har in ka ja kuɗin ƙarfe a kai ba zai yi tuntuɓe ba. Tsakanin dutse da bango a bar ɗan sarari kamar milimita 3, a cika da silikon, kada a cusa siminti, domin gini yana motsi tsakanin zafi da sanyi, silikon yana bin motsin, siminti kuwa tsagewa yake. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a madafa kuwa ruwan wanke-wanke ne ke fara shiga, kyankyaso ya biyo baya. Silikon ɗin ma iri biyu ne. Ka buɗe ka shinshina: mai warin binegar tsami ne a cikinsa, yana iya ɓata gefen dutse, musamman marmara, don haka a nemi marar wari. Ƙaramin abu na ƙarshe da ba kasafai nake ganinsa ba shi ne ƴar siririyar kwari da ake ja a ƙasan leɓen dutse ta gaba. Aikin minti goma ne, amma ita ke sa ruwan da ya gangaro ya ɗiga ƙasa maimakon ya lallaɓa ya bi ƙofar durowa.

Jama'a, akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ba ta dutse ba ce, ta mai yanka shi ce. Ku wuce ta inda ake wannan aiki ku gani: saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, durƙushe a kan falle, injin na kuka, farar ƙura ta rufe shi har gira, ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci. Giranit yana ɗauke da sinadarin silika mai yawa, irin na yashi. Ƙurarsa mafi illa ido ba ya ganinta, tana wucewa can cikin huhu ta zauna, huhun ya yi ta tabo yana taurara. Ciwon ba ya warkewa, ba ya kuma nuna kansa da wuri, sai bayan shekaru mutum ya ga hawa bene ya gagare shi. Yana kuma buɗe wa tarin tibi ƙofa. Dutsen haɗi na masana'anta da ake kira kwaz, wanda ya fara shigo mana, ya fi muni, don silikar cikinsa kan wuce kashi 90 cikin 100. Ostareliya, da ta ga samarinta na kwanciya saboda shi, ta haramta shi gaba ɗaya daga ranar 1 ga Yulin 2024. Mu nan abin da muke ba yaro bayan aiki shi ne gwangwanin madara, wai ta wanke ƙura. Madara ciki take tafiya, ƙura tana huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Rawani da takunkumin ƙyalle na zamanin korona su ma ba sa tare ta. Abin da ke aiki shi ne yanka da ruwa, da injin da aka ƙera don haka, domin wuta da ruwa ba a haɗa su da ganganci. A ƙara da takunkumi na gaske mai alamar FFP2 ko FFP3, a yi yankan a fili ba cikin rufaffiyar madafa ba, a kuma kwashe laka tun tana jiƙe kafin ta bushe ta koma ƙura. Mai gidan da ya matsa a rage kuɗin aiki har aka yanka masa a bushe, ya sani da huhun wani aka cika masa ragin.

Game da ciniki, a rubuta. Ko a fallen littafin makaranta ne, a sa sunan dutse, da kaurinsa, da irin gyaran baki, da wanda zai ɗauki asara in ya karye a hanya ko wajen ɗorawa. A nan ne rigima ta fi tashi, kuma zumunci da yawa ya ɓaci a kanta. A raba kuɗi uku: kafin alƙalami, da ranar da dutse ya shigo gida, da cikon bayan an duba. Guntun da aka cire daga ramin kwami na mai gida ne, da kuɗinsa aka saya, a goge masa baki a ba uwargida ta riƙa ɗora tukunya mai zafi. Ranar karɓar aiki kada a tsaya daga ƙofa a ce ma sha Allah a miƙa kuɗi. A kashe fitila, a kwantar da tocila a kan dutsen, hasken zai fito da duk karce da duk inda mahaɗa ta yi tudu. A ƙwanƙwasa ko'ina a ji ko akwai kogo. A zuba kofin ruwa a ga ina ya nufa, in bango ya nufa aiki bai yi ba. A toshe kwami a cika shi ya kwana, da safe a shafa ƙasansa da busasshen hannu. Mai aiki na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, shi ne ma zai riƙe maka tocilar.

Kulawa ba ta da wuya. Ruwa da sabulu mai sauƙi sun isa. Asid ɗin wanke ban-ɗaki kada ya shiga madafa, ruwan jabel da kanwa kuma in sun yawaita suna cinye maganin toshe ƙofofin da aka shafa. Duk shekara a sake gwajin ɗigon ruwa, in ya bar duhu a sake shafawa. Mai in ya riga ya shiga, a kwaɓa bikarbonat da ɗan ruwa ya yi kauri, a lafta a wurin, a rufe da leda ya kwana ɗaya ko biyu, yakan jawo shi. Ƙaramin turmin dakan attaruhu da citta kuwa, don Allah a bar shi a ƙasa inda aka san shi. A faɗa wa mai taya aiki, a faɗa wa yara. Dakan kullum a kusa da ramin kwami zai ƙarasa duk wani rauni da hanyar Lome ko injin yanka suka fara.

Roƙona ga iyayen gidan sana'a da ke zaune a nan guda biyu ne, kuma ba su fi ƙarfin kowa ba. Daga gobe kada yaronku ya sake yanka kusurwar kwami ba tare da ya fara hudawa ba, kada kuma ya sake kunna inji a kan busasshen dutse. Masu gida kuma, idan mai aiki ya ce a jira kankare ya nuna, ku jira shi.